Goro: Abin Tsafi Ne, Magani Ne, Ko Kuwa Yana Cutarwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifina ya haura shekara 70, kuma tun tasowata ban taɓa ganin aljihunsa babu goro ba. Yakan ci huɗu ko biyar a yini. Kwanan baya likita ya ce yana da hawan jini, da muka yi masa maganar ya rage sai ya ce goro magani ne, kakanninsa sun ci kuma sun tsufa. Ga kuma wani abokina da ya daɗe a kudu yana cewa asalin goro abin tsafi ne, bai kamata ma Musulmi ya ci ba. Don Allah mece ce gaskiyar wannan ɗan itace?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana, ya kuma saka maka da alheri da ka damu da shi har ka tambaya.

Baba da abokinka kowannensu ya kama wani gefe na gaskiya, amma babu wanda ya kama ta duka. Goro yana da amfani na zahiri a jiki, sai dai amfanin ɗaya ne tak da aka tabbatar, kuma wannan amfanin shi ne yake zame wa mai hawan jini matsala. Gaskiya ne kuma akwai al'ummomin da ke girmama goro ta fuskar ibada, sai dai mafi yawa ba irin goron da ke aljihun Baba suke amfani da shi ba. Bari in fara da bishiyar, don yawancinmu mun ci goro iya rayuwarmu ba mu taɓa ganin uwarsa ba.

Bishiyar goro ta kurmi ce. Tana son ruwan sama mai yawa, akalla milimita 1,200 a shekara, wanda ya bazu cikin watanni masu yawa, da ƙasa mai zurfi, da inuwa lokacin da take ƙarama. Kano ba ta samun haka, ga rani mai tsawo ga hunturu, shi ya sa ba za ka ga gonar goro a Bichi ko Maraɗi ba. 'Yar'uwar bishiyar koko ce, kuma manoman kudu sukan haɗa su a gona guda. Tana iya kai tsawon mita 20. Wanda ya shuka ta sai ya yi haƙurin shekara shida ko bakwai kafin ya ga 'ya'yan fari, ba ta cika ƙarfinta sai ta doshi shekara 20, amma daga nan jikoki ma za su ci moriyarta. 'Ya'yan suna fitowa ne cikin kwanso kore mai gurje-gurje, kwanso huɗu ko biyar a manne wuri guda, kowanne ɗauke da goro kamar huɗu zuwa takwas, kowane goro lulluɓe da farar fata. Abin da muke taunawa iri ne, mai rai. In ka binne shi a ƙasa mai laima zai tsiro. Wannan ne dalilin da ya sa yake buƙatar ganye da yayyafi da juyi, kuma da zarar ya bushe ya mutu sai darajarsa ta tafi.

Jinsi biyu ne suka fi muhimmanci. Na farko masana suna kiransa Cola nitida, shi ne goronmu, fari ko ja, wanda in ka fasa yake rabuwa gida biyu. Asalinsa dazuzzukan Saliyo da Laberiya da Kwaddibuwa da Gana. Na biyu Cola acuminata, wanda ke rabuwa gida uku, huɗu, har shida, irin wanda 'yan goro ke sawa cikin jerin hannun-ruwa. Shi asalinsa daga kudancin Najeriya ne zuwa Kamaru da Gabon. A kasuwarmu ba shi da farin jini, amma shi ne mai tsarki a wurin maƙwabtanmu.

A ƙasar Ibo, ba a fara taro na mutunci sai an fasa goro. Mai gida zai fito da shi a akushi, a zaga da shi a nuna wa manya bisa tsarin zumunta, sannan wanda al'ada ta ba wa hakki ya ɗaga shi ya yi addu'a da harshensu, ya roƙi tsawon rai da haihuwa da zaman lafiya, kafin a fasa. Suna da magana cewa wanda ya kawo goro ya kawo rai. Bayan an fasa sai a duba gida nawa ya fita. Gida huɗu alheri ne, saboda ya dace da ranakun kasuwarsu huɗu, Eke da Orie da Afo da Nkwo. Gida biyar alamar yalwa ce da zuri'a. Mai gida biyu kuwa, irin namu, ana iya taunawa don marmari, amma a bisa tsohuwar al'ada ba a yin wannan hidima da shi. Yarabawa su ma sun bambance: obi abata mai gida huɗu shi ne masu addinin gargajiya ke fasawa su watsa a ƙasa, su karanta yadda ɓarin ya kwanta, wane ya kife wane ya buɗe, don neman amsar e ko a'a. Wannan al'ada ta ƙetare teku tare da bayin da aka kwashe. A Barazil har yau mabiya addinin da ya samo tushe daga Yarabawa suna amfani da goro, a Kyuba kuma da goron ya yi wuya sai suka koma kwakwa, suna fasa ta gida huɗu.

To ka ga abokinka bai yi ƙarya ba a kan abin da ya gani. Inda ya zarce shi ne hukuncin da ya gina a kai. Ni ba mai ba da fatawa ba ne, wannan fagen malamai ne, amma abin da kowa zai iya gani shi ne masu tsafi suna yanka zakara da rago, kuma ba wanda ya ce saboda haka naman kaza ya haramta. Goro ɗan itace ne da Allah ya halitta. Malaman ƙasar nan sun rayu da shi ɗaruruwan shekaru, da shi ake gayyatar suna, da shi ake ɗaura aure a ƙofar masallaci, da shi almajiri ke gaida malaminsa. Mu girmamawarmu ga goro ta zumunci ce. Kuma ina ganin bai dace mu raina yadda Ibo ke riƙe da nasu ba, domin mafi yawan masu fasa goro a can yau Kirista ne, abin da suke nufi da shi shi ne baƙo ya shigo da aminci kuma an karɓe shi da zuciya ɗaya.

Yadda ɗan itacen da ba ya fita a ƙasarmu ya zama namu haka, labari ne na fatauci. Tsohon kundin tarihin sarakunan Kano ya kawo cewa Sarkin Nupe ya aika wa Sarauniya Amina ta Zazzau goro 10,000, ya kuma ce a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Burja, cikin ƙarni na 15, aka buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja. Gwanja, wadda ke arewacin Gana ta yau, ita kanta ba ta noman goro. Kasuwa ce. Goron na fitowa daga dazuzzukan masarautar Asante da ke kudu da ita a kawo shi Salaga, babbar kasuwar Gwanja, fatakenmu su same shi can. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka shahara da wannan hanya a ƙarni na 19. Ayari zai tashi daga Kano ko Sakkwato ƙarƙashin madugu, da jakuna ɗauke da kanwa da saƙi da fatu, a bi ta Yawuri da ƙasar Bargu, a yi watanni ana tafiya ana biyan fito ana tsaron 'yan fashi. A dawowa aikin ya fi wuya, domin kayan mai rai ne. Duk bayan 'yan kwanaki sai an sauke, an kwance, an tsince wanda sankara ta kama, an yayyafa ruwa, an sake ɗaurewa. Shi ya sa a da goro abincin sarakai da attajirai ne, talaka sai dai farsa. Akwai ɗan abin da ake samu kusa, goron Laɓoji na kurmin ƙasar Nupe, wanda ya yi suna wajen daɗi, amma bai isa ko'ina ba.

Turawan Ingila sun ci Kumasi, babban birnin Asante, da yaƙi a 1874, Salaga ta fita daga hannun Asante, sannan yaƙin basasa na 1892 ya watsa kasuwar. Fatake suka bazu zuwa Kintampo da Kete-Krachi da Kumasi da bakin teku, kuma zangunan Hausawa da yawa na Gana a yau daga nan tushensu yake. Alhassan Dantata yana cikin waɗanda suka gane cewa jirgin ruwa daga gaɓar Gana zuwa Ikko ya fi jaki sauri. Da layin dogo ya haɗa Ikko da Kano a 1912, manoman ƙasar Yarabawa suka duƙufa shuka irin goron Gwanja, har suke kiransa gbanja. Agege da Shagamu da unguwar Sabo ta Ibadan suka zama sababbin Salaga. Yau Najeriya ce ta fi kowace ƙasa samar da goro a duniya, kuma kasuwar Mariri a Kano na cikin manyan wuraren da ake rarraba shi zuwa Nijar da Chadi da Sudan. Arhar da goro ya yi daga wancan lokaci tana da nasaba da tambayarka. Kakannin Baba na nesa da wuya su sami biyar kullum.

Yanzu ga batun magani. Abin da ke aiki a cikin goro sinadari ne da ake kira kafeyin, shi ne dai wanda ke cikin gahawa da ganyen shayi. A busasshen goro yakan kai kashi 1 da rabi zuwa 3 cikin 100, wanda ya yi daidai ko ya zarce na ire-iren ƙwayar gahawa da yawa. Akwai kuma ɗan tiyoburomin irin na koko, da sinadarai masu bauri, su ne ke ɗaure baki, su sa ruwan da ka sha bayan goro ya yi garɗi, su kuma rina haƙora. Dalilin kafeyin ɗin ne John Pemberton ya sa goro cikin haɗin da ya zama Coca-Cola a Amurka a 1886.

Ga yadda yake aiki. Muddin mutum yana farke, wani sinadari mai suna adenosin yana taruwa a ƙwaƙwalwa, shi ne ke sanar da ita cewa an gaji a kwanta. Kafeyin yana zuwa ya tare gurbin da adenosin ke zama, sai saƙon gajiya ya kasa isa. Mutum ya ji ya wartsake, barci ya gudu, yunwa ta lafa, zuciya ta ƙara himma. Wannan gaskiya ne, ba camfi ba. Shi ne abin da mafatauci da direban babbar mota da mai tilawar dare suka sani tun kafin a san sunan sinadarin. Hukumar kula da magunguna ta Tarayyar Turai ta amince da goro a matsayin maganin gargajiya na gajiya da kasala ta ɗan lokaci. Kafeyin ɗin kansa likitoci na amfani da shi, ana haɗa shi da farasitamol a wasu ƙwayoyin ciwon kai, ana kuma ba jariran bakwaini da numfashinsu ke ɗaukewa, amma da awo na miligiram.

Ka lura da kyau: goro yana ɓoye gajiya ne, ba ya cire ta. Ba ya ƙara jini, ba ya maye gurbin abinci. Sauran abubuwan da ake jingina masa, wai yana maganin zazzaɓin cizon sauro, da taifot, da ciwon suga, da ƙarin ƙarfin maza, babu wanda aka tabbatar a jikin ɗan Adam. An yi gwaje-gwaje a ɗakin bincike inda ruwan goro ya hana wasu ƙwayoyin cuta yaɗuwa a cikin faranti, amma tsakanin faranti da jikin mutum akwai tafiya mai nisa, kuma yana ɓata mini rai in ga ana ɗaukar irin wannan sakamako ana tallata shi a WhatsApp kamar an gama magana.

Ita wannan hukuma da ta amince da shi, ita ce kuma ta lissafa waɗanda bai kamata su yi amfani da shi ba: masu gyambon ciki, masu hawan jini, masu bugun zuciya marar daidaito, da masu cutar da ke sa halittar nan ta maƙogwaro, wadda kumburinta ke kawo maƙoƙo, ta yi aiki fiye da kima. Baba yana cikin wannan jeri.

Mu yi lissafi. Ma'aunin da hukumomin lafiya suka tsayar ga baligi mai lafiya shi ne kada ya wuce miligiram 400 na kafeyin a yini, mai juna biyu kuma an fi so ta tsaya a 200. Kofi ɗaya na gahawa yana ɗauke da kamar 80 zuwa 100. Goro ya bambanta da girma da iri, amma a ƙiyasi matsakaici guda ɗaya yana iya kai kofi ɗaya, babba irin marsa ya fi haka. Biyar a yini ke nan ya kai iyakar mai lafiya ko ya wuce ta, ba a ma sa shayin safe a ciki ba. Kafeyin yana matse jijiyoyin jini, awon jini ya hau na tsawon wasu awanni. Wanda ya saba, hawan yakan ragu amma ba ya gushewa ga kowa. In ana ci daga safe zuwa dare, to jinin ba ya samun lokacin sauka. Ga kuma barci: rabin kafeyin ɗin da mutum ya sha yana nan a jikinsa bayan kamar awa biyar, a wurin tsofaffi da masu ciwon hanta yakan fi daɗewa. Goron bayan la'asar yana nan yana aiki bayan isha'i, kuma rashin isasshen barci shi kansa yana tayar da jini. Yana ƙara tsamin ciki, musamman in an ci shi ba a karya ba. Yana sa yawan fitsari, abin da ke wahalar da dattijo da dare. Baurinsa yana rage wa jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe daga abinci, don haka mata masu ƙarancin jini su nisanta shi daga lokacin cin abinci.

Shawarata gare ka ita ce kada ka je wa Baba da maganar ya daina yau. Ba zai ji ba, kuma ko ya ji zai sha wuya. Wanda jikinsa ya saba da kafeyin, in ya yanke farat ɗaya, cikin yini guda ciwon kai da kasala da saurin fushi za su taso, su ɗauki kwanaki har zuwa mako. Shi ne ciwon kan da masu cin goro ke fama da shi a farkon azumi. Sai ya ce maka ka gani, rashin goro ne ke sa shi ciwo. A bi shi a hankali: a rage ɗaya duk mako, a fara da cire na yamma da na dare, a koma sayo masa ƙanana maimakon manya, a riƙa fasa masa ɓari maimakon guda. In kuna da na'urar awon jini a gida, ku auna kafin ya ci goro, ku sake aunawa bayan kamar awa ɗaya, ku maimaita kwana biyu ko uku. In lambar tana hawa da 5 zuwa 10 ko fiye, ku nuna masa da idonsa. Dattijo yakan yarda da abin da ya gani fiye da abin da ɗansa ya faɗa masa. Ranar zuwa asibiti kada ya ci goro akalla rabin awa kafin awo. Ku gaya wa likita ainihin adadin da yake ci, domin da yawa daga likitoci sukan tambayi sigari da gishiri su manta goro, kuma akwai magungunan da ba sa jituwa da kafeyin, irin su siprofuloksasin da ke hana jiki saurin fitar da shi, da tiyofilin na masu asma. Likitan ne zai faɗi ko ɓari ɗaya da safe zai yiwu ko kuwa sai an bari gaba ɗaya. Abu mafi muhimmanci, kada goro ko wani saiwa ya sa ya ajiye ƙwayar hawan jininsa.

Na san wani zai ce to a koma namijin goro. Wannan bishiya ce dabam, Garcinia kola, ba su haɗa dangi da goro ba. Yarabawa na ce masa orogbo, suna sa shi a bikin suna don fatan tsawon rai. Ƙarfinsa ba daga kafeyin yake ba, daga wasu sinadarai ne masu ɗaci da masu bincike suka raɗa wa kolabiron. An daɗe ana tauna shi don tari da shaƙewar murya, kuma an yi ƙananan gwaje-gwaje a Najeriya a kan ciwon gwiwa da hawan ruwan ido waɗanda suka ba da fata, amma ba su kai a ce ya zama magani tabbatacce ba. Ka tuna 2014, lokacin Ibola, yadda aka yi ta yaɗa cewa namijin goro da ruwan gishiri suna kare mutum, har ma'aikatar lafiya ta fito ta ƙaryata, bayan ruwan gishirin ya kwantar da mutane a asibiti ya kuma yi ajalin wasu. Ɗaya a yini ga mai lafiya ba abin tayar da hankali ba ne. Ga mai shan maganin hawan jini ko na suga, a tambayi likita tukuna. Bishiyar ma tana ƙarewa a daji saboda sara da ɓare ɓawonta da yanka ta don asawaki, har ta shiga jerin itatuwan da ake tsoron ɓacewarsu.

Akwai haɗari ɗaya da ba ka tambaya ba, kuma ya shafi duk mai cin goro, mai lafiya da marar lafiya. Babban abokin gabar ɗan goro shi ne ƙwaron da ke huda shi ya bar masa sankara. Huhu ɗaya da ya kamu na iya cinye jarin mutum. Hanyar iyaye ita ce tsinta da canjin ganye akai-akai, aiki mai cin lokaci. Wasu, daga gona har rumbu, sun koma jiƙa goro a ruwan maganin ƙwari ko jefa ƙwayar feshin hatsi cikin kwando, har da irin gamalin da yarjejeniyar ƙasashen duniya ta haramta amfani da shi a noma tun 2009. Cibiyar binciken koko ta ƙasa da ke Ibadan, wadda goro ke cikin amfanin gonar da take kula da su, ta daɗe tana jan kunne a kan haka. Goro kuwa ɗanye ake cinsa, ba ya bi ta wuta. Don haka duk wanda za ka sayo wa Baba, ka saya wurin ɗan goron da ka sani kuma ka yarda da amanarsa, ka shinshina, in ka ji warin magani ka bar shi ko da ya yi kyau a ido. Ka wanke da ruwa mai tsabta, ka kankare bayan, ka fasa ka duba cikin kafin ka miƙa masa. Wanda ya yi baƙi ko ya yi furfura a ciki a zubar da shi duka, kada a yanke gefen a ci sauran.